Dutsen Taimamar Baba

A shekarun da kuɗin mai ya fara kwarara a ƙasarmu, lokacin da abokan karatuna suke komawa gida suna samun ofis mai sanyi da mota a bakin ƙofa, ni ina Landan ina kwana da duwatsu a ƙarƙashin gado. Ba zolaya nake yi ba. Akwatin katako ne cike da duwatsu, kowanne naɗe a takardar jarida, kuma idan matata za ta yi shara sai ta zagaye shi a hankali kamar an kwantar da jariri a wurin.

Gwamnatin jiharmu ce ta turo ni karatun ilimin duwatsu, da tsammanin zan koyo yadda ake gano mai. Sai na faɗa hannun wani malami Bature, dogo, mai yawan tari, wanda ba abin da ya dame shi da mai. Shi tsaunuka ne abin sonsa, irin masu tsayin nan da ƙanƙara ba ta sauka daga kansu duk shekara. Sau ɗaya ya kai ni tsaunukan Alps, shi ke nan na kamu. Ni da na tashi a garin da tudu mafi tsayi shi ne jujin bayan kasuwa.

Aikin nawa ba shi da wuyar faɗa. Lokacin da dutse yake narkakke yana hucewa, yakan riƙe alamar inda arewa take a wancan zamanin, kamar allurar kamfas mai nuna arewa da ta daskare a cikinsa. Idan ka auna wannan tsohuwar arewa ka gwada ta da ta yau, sai ka gane ko tsaunin ya juya tun daga lokacin. Amma da sharaɗi. Kafin ka fasa dutsen daga jikin tsauni, sai ka ɗora kamfas ka zana masa kibiya da fenti mai nuna arewar yau, ka ja layi mai nuna yadda yake kwance. In babu kibiyar nan, ba wanda ya san ta wace fuska yake zaune a da, kuma duk abin da injin awo ya gaya maka banza ne. Malamina yakan ce dutse marar kibiya sai dai a tokare ƙofa da shi.

A fitarmu ta biyu muka hau wani wuri can kusa da ƙololuwa, ni da wata baiwar Allah mai binciken tsirrai, wadda aikinta shi ne ta kwanta rub da ciki tana duba 'yan ganyayyakin da suke tsirowa a bakin ƙanƙara. Duk abin da na tara daga ƙasan tsaunin yana jiran wurin nan ne, don shi zai nuna ko saman ya juya dabam da gindin. Na faso duwatsu uku. Da muka dawo Landan, na farko ya tarwatse a bakin injin huda dutse, ya kuma lalata injin. Na biyu da aka auna shi sai aka ga aradu ta taɓa faɗa masa, ta hargitsa duk abin da ke ciki. Saura ɗaya. Shi ne mafi kyau, baƙi-baƙi, fuskarsa ɗaya sumul saboda ƙanƙara ta daɗe tana gugarsa, da jar kibiyata a kai.

Ban yarda na bar shi a kwaleji ba, don ɗakin ajiyarmu yana jikin ɗakin manyan injuna, kuma dutse irin wannan ba ya son kusantar maganaɗisu. Na kawo shi gida kafin a gyara injin. Ko jirgin ƙarƙashin ƙasa ban shiga da shi ba saboda wutar da ke layin. A bas na rungumo shi tun daga Aldwych, inda kwalejinmu take, ina canja mota ina hararar duk wanda ya matso kusa da ni.

A Thamesmead muke zaune, hawa na sama a gidajen hukuma. Wanda bai ga wurin ba ba zai gane ba. Gari ne guda da aka zuba da siminti: gidajen siminti, hanyar ƙafa ta siminti tana ratsawa ta saman titi, har tafkin da aka yi musu don ado bakinsa siminti ne. Kana iya fita daga ɗakinka ka je kanti ka dawo ƙafarka ba ta taɓa ƙasar Allah ba.

A wannan lokacin ne aka kawo Baba.

Mahaifina mai sayar da hatsi ne a kasuwar garinmu, mutum mai zolaya wanda ba ya dariya idan yana yin ta. Ciwon ciki ya daɗe yana cin sa yana ɓoyewa. Yayana, wanda ya shiga harkar kwangila kuɗi suna shigo masa ta ƙofa da taga, ya ce ba za a bar Baba a asibitin gida ba alhali ana kai iyayen wasu Landan. Ya kawo shi, aka yi masa aiki, Yaya ya koma wajen kwangilolinsa da cewa zai dawo. Likitan ya tare ni a baranda ya gaya mini sun buɗe, sun gani, sun rufe. Abin ya riga ya bazu. Na tambaye shi saura yaushe, ya ce yana iya zama watanni, yana iya zama makonni, shi bai sani ba.

Da aka sallame shi muka ba shi ɗakin kwana, mu muka koma falo. Ka ga ke nan akwatina ya koma ƙarƙashin gadonsa. Ranar farko ya leƙa ya gan shi, ya tambaye ni mene ne, na gaya masa. Ya jinjina kai ya ce, “Mutane suna haƙo mai, nawa ɗan yana tsintar duwatsu. Allah ya yi albarka.”

Matata ce ta fi shan wahala. A gida ko ruwa ba ta taɓa sha a gaban surukinta ba, sai ga su a gidan da in mutum ya yi tari a kicin ana jin sa a ɗaki. Takan durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe shi kanta a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Iyakar maganarsu ke nan. Idan yana son wani abu ba ya ce mata ta yi, sai ya faɗa wa bangon, ita kuma ta ji.

Alwala ce ta fara gagara. Nakan ɗuma ruwa in kawo masa a roba, amma ko mai ɗumin ne, da ya taɓa jikinsa sai rawar sanyi ta kama shi har lokacin wata sallar. Maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya Kirista 'yar wajen Jos wadda take zuwa wanke masa ɗinki, ta ce mini, “Ku daina jiƙa Baba haka, zai yi catching cold a kan ciwo.” Baba ya ce to sai taimama, addini ya ba da dama. Amma da me? Bango siminti ne da fenti, ya ce abin da aka ƙona a wuta ba ya yi. Na ce zan ɗebo ƙasa a filin ciyawar da ke ƙasa, ya ce kada in soma. Ya kwana biyu yana kallon filin nan ta taga, kuma bai ga inda kare bai tsuguna ba. Na ce to zan kawo yashi mai tsabta daga kwaleji. Ni da nake kwana da duwatsu, ko kaɗan tunanina bai je kan akwatin ba. A kan tsauni dutse ne, a cikin akwati kuwa aiki ne, haka idona yake ganinsu.

Washegari na tafi Aldwych, na tarar an gyara injin, har an sa mini ranar da zan kawo dutsena. Azahar ta yi ba na nan. Baba ya dubi bango ya ce, “Ashe a gidan mai duwatsu ana rasa dutse?”

Bayan La'asar na dawo da yashi a gwangwani, ina ta murna. Na tura ƙofar ɗaki na tarar da shi zaune, an tokare masa baya da matashi, tawul a cinya, dutse a kan tawul. Ya buga tafin hannunsa biyu a kai ya shafi fuska, ya sake bugawa ya shafi hannuwa. Tun daga bakin ƙofa na gane dutsen, kamar yadda uwa take gane ɗanta a cikin taro. Fuskar nan mai sumul tana ƙyalli, babu ɗigon ja ko ɗaya. Na tsaya da gwangwani a hannu har ya idar da salla.

“Ka ga abin da 'yar nan ta samo mini,” in ji shi. “Kamar don hannuna aka yi shi. Na ce a kankare jan fentin nan, kada ya shiga tsakanin hannu da dutse.”

Na ce, “Madalla, Baba.”

A kicin matata ta miƙo mini wata takarda, tana murmushin wadda ta yi abin kirki. Ta ce, “Na san aikinka ne, shi ya sa kafin in sa soson ƙarfe na kwafe duk abin da ke jiki. Ga lambar, ga layin. Har kibiyar na zana maka.”

Ta zana ta kuwa, da kyau, har da ɗan lanƙwasar da hannuna ya yi saboda sanyi. Na riƙe takardar, kibiya tana nuna murhu. Na juya ta, tana nuna taga. Na sake juyawa, tana nuna cikina. Sai wata dariya marar daɗi ta kuɓuce mini. Matata ta dubi takardar, ta dube ni, na ga lokacin da ta gane, don hannunta ya tafi bakinta. Raina ya ɓaci ƙwarai, na so in yi ihu, amma wa zan yi wa? Ita an faɗa wa bango ta ji, ba ta da bakin da za ta yi wa suruki musu. Shi kuma salla yake so ya yi. Kuma a gidan nan ko murya na ɗaga Baba zai ji. Na ajiye takardar na fita, na yi ta bin hanyoyin simintin nan, in kai ƙarshe in juyo, har aka kusa Magariba.

Malamina bai yi faɗa ba. Ya yi tari, ya ce babu wata dabara sai komawa. Mai binciken tsirrai za ta hau tsaunin hawa na ƙarshe a mako mai zuwa, don ta cire turakun da ta kafa kafin ƙanƙara ta rufe hanya, kuma akwai wuri a motarta. Bayan wannan hanya ba za ta buɗe ba sai baɗi. Ni kuwa tallafin karatuna zai ƙare kafin baɗin, kuma mutanen jiharmu sun riga sun gaya mini ba za su ƙara ko wata ɗaya ba a kan dutsen da babu mai a cikinsa. Ko in tafi yanzu, ko in koma gida hannu rabbana bayan shekarun nan duka. Ga kuma Baba a kwance, wanda likita ya ce makonni ko watanni.

Ban taɓa yin kwanaki irin waɗannan ba. Da safe in ce wa malamina zan je, da yamma in buga masa waya in ce ba zan je ba. In hau bas zuwa kwaleji, kafin a kai rabin hanya in sauka in tsallaka titi in hau mai komawa. In na isa gida, in tarar Baba yana barci, sai in rasa abin da ya dawo da ni. In buɗe taga, in rufe. In ɗauki littafi, in ga na daɗe a layi ɗaya. Abinci ma a tsaye nake ci.

Ranar Lahadi na je Barking wajen 'yan uwa, inda muke haɗuwa mu ci tuwo mu yi hirar gida. Na gaya musu halin da nake ciki. Wani likita ɗan garinmu ya ce, “Ka yi cancel kawai, malam. Uba fa guda ne.” Wani ma'aikacin gwamnati da aka turo kwas ya ce, “Wai me ma za ka yi da digirin? Ka dawo gida, ana neman irinku, ko ba takardar za a ba ka kujera da flat.” Kowa ya faɗi tasa ya koma kan tuwonsa. Na fito kamar yadda na shiga.

Gaskiyar magana ina so in tafi. Ina son tsaunin, ina son amsar da na yi shekaru ina bi, ina jin kamar ana ja na da igiya. Kuma ina so in zauna, don duk lokacin da na fita ko kanti ne, ina dawowa da gudu, ba na natsuwa har sai na ji numfashinsa ta bayan ƙofa. Duka biyun gaskiya ne, kuma ba wanda ya yarda ya bar wa ɗayan wuri.

Da yamma Baba yakan sa ni in zauna a bakin gado in matsa masa ƙafafu. To ni tun ina yaro, in hankalina ya tashi ƙafata ta dama takan yi ta rawa ba tare da na sani ba. A kwanakin nan ba ta tsayawa. Gadon ƙarfe ne, sai ya riƙa ƙara yana girgiza. Baba yakan dube ni, ya dubi ƙafar, ya lumshe ido. Dutsen kuwa yana nan gefen matashinsa, ba ya yarda a matsar da shi. Sau biyar a rana nake kallon hannuwansa suna sauka a inda kibiyata take a da.

Matata ce ta fasa maganar. Ita da ba ta taɓa wuce gaisuwa da shi ba, ta jira na fita, ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaya masa komai. Daga baya ta ce mini ba ta san ta yaya kalmomin suka fito ba, kuma har ta gama Baba bai daina kallon bango ba.

Da na dawo ya kira ni. Na nufi bakin gado, ya ce, “A'a, zauna a ƙasa. Ƙafar nan taka tana kaɗa mini ɗinki.”

Na zauna a ƙasa.

“An ce na ɓata maka aiki.”

“Ba komai, Baba.”

“Kada ka yi mini ba komai. Ba komai ne ya sa kake zagaye gidan nan kamar akuyar da aka ɗaure a rana?”

Na sunkuyar da kai. Ya ɗauko dutsen ya ɗora a cinya, yana juya shi. Ya tambaye ni ko akwai gari a kan tsaunin, na ce babu. Gona fa? Na ce babu, ko itace babu, sai 'yan ganyayyaki da ba su kai farce ba.

“To me ake yi a can?”

“Iska ce kawai, Baba, da ƙanƙara.”

“Ka yi salla a can?”

“Na yi.”

“Da wane ruwa?”

“Ruwan ya daskare a gora. Taimama na yi.”

“A kan me?”

Na nuna abin da ke cinyarsa. Na ce, “A kan wannan, kafin in fasa shi.”

Baba ya yi dariya, shi da ba ya dariya in yana zolaya. Ya yi ta yi har ya dafe ciki, hawaye suka zubo masa. “Ashe ya saba,” in ji shi. “Shi ya sa bai yi mini gardama ba.”

Da ya huta ya miƙo mini shi, ya ce in mayar da shi inda na ɗebo ko zai gyaru. Na ce ya bar shi, in na je wani zan fasa a gefensa. Ya mayar da shi kusa da matashi ba tare da ya yi ko tayin musu ba, na ga ya ji daɗi.

“To ka tafi,” in ji shi.

“Baba, likita ya ce…”

“Na san abin da likita ya ce. Ban ji Turanci ba, amma na ga fuskarsa, kuma na daɗe ina karanta fuskar mai saye. Zamanka ba zai ƙara mini kwana ba, tafiyarka ba za ta rage ba. Wannan da kake yi ma ai ba zama ba ne.” Ya maida numfashi. “Ban taɓa gane aikin nan naka ba. A kasuwa ce musu nake yi mai kake nema, don kada su yi mini dariya. Amma abin da zai sa mutum ya hau inda babu gari babu gona, ba ni zan zama sanadin ya sauko hannu wofi ba.”

Na ce, “Za ka jira ni?”

“Kai, ji yaro. Jira a hannuna yake?”

Da safen da zan tafi na durƙusa gaban gadon da jaka a baya. Bai daɗe da yin taimama ba, don da ya ɗora hannu a kaina na ji sanyin dutsen a tafinsa. Ya yi addu'a gajeriya, ya ce in sa safa biyu.

Tafiyar ba na tuna ta da kyau. Jirgin ruwa, sannan mota, mai binciken tsirrai tana tuƙi tana ba ni labarin ganyayyakinta, ni ina amsawa ba tare da na ji ba. Duk garin da muka tsaya ina neman wurin buga waya, maƙwabciyarmu ce kaɗai mai waya a layinmu, sau ɗaya na same ta ta ce Baba ya sha kunu. Da muka fara hawa, ƙanƙarar farko ta riga ta yi yayyafi a kan duwatsu. A can sama iska ba ta isar huhu, mutum yakan yi 'yan taku ya tsaya yana haki, kuma duk tsayawar da na yi sai na waiwaya ƙasa na ce me nake yi a nan.

Na sami wurin ba wuya. Ramin da dutsen ya bari yana nan, bakinsa sabo kamar jiya aka fasa, har da ɗan guntun jan fenti a gefe inda layina ya zarce. Na ɗora kamfas, na zana kibiyoyi, na sa guduma. Na faso fiye da abin da nake bukata, har abokiyar tafiyata ta tambaye ni ko gida zan gina.

Rana ta karkata, Azahar ta yi. Na girgiza gora, ruwan ya zama dutse shi ma. Na cire safar hannu na durƙusa, na sa hannuwana a cikin ramin. Daidai tafin hannu biyu ne, ba ragi ba ƙari. Na san a can Thamesmead ma lokaci ya yi ko ya kusa, kuma wasu hannuwan suna sauka a kan abin da ya fita daga nan. Na yi kuka sosai a wurin. Mai binciken tsirrai ta juya baya ta shiga cire turakunta, ta daɗe tana fama da guda ɗaya wanda na san ba shi da wuyar fita.

A hanyar saukowa hadari ya rufe mu, muka maƙale a wata bukkar masu hawan tsauni, kwana da kwanaki ba a ganin ko bakin ƙofa. Na auna bukkar nan da ƙafa ta kowace fuska. Da gari ya buɗe muka gangara ƙauyen da ke gindin tsauni, ban ko ajiye jaka ba na nufi gidan waya.

Maƙwabciyarmu ta ɗauka. Ta ce, “Yayanka ya zo. Baba ya ce a kai shi gida, an yi booking, sun tashi shekaranjiya.”

Duwatsun da na kawo sun yi magana daga baya. Saman tsaunin ya juya dabam da gindin, kamar yadda malamina ya zata, na kuma gama digirin. Amma wannan duk daga baya ne.

Ranar da na isa gida matata ta buɗe mini ƙofa, idanunta sun kumbura. Talgiram ya iso da safen nan. Baba ya isa gida, ya kwana a ɗakinsa, ya ga 'yan uwa, Allah ya karɓi abinsa. An riga an kai shi.

Muna tsaye a ɗan lungun shiga ta ba ni sauran labarin. Tun ranar da na tafi, ko bas ban kai ga hawa ba, ya faɗa wa bango a buga wa Yaya waya. Ya ce ba zai mutu a garin da babu ƙasa ba, kuma ya san in ina nan zan tsaya ina kawo masa maganar likitoci. Da za su fita ya sa dutsen a aljihun babbar riga. Yaya ya ce ya bar shi mana, ai gida ƙasa ba ta ƙarewa. Baba ya ce, “A jirgin akwai ƙasa?”

Na ce, “Bai bar mini saƙo ba?”

Ta ce ya bari. A bakin ƙofa ya tsaya, Yaya yana riƙe da shi, ya juyo ya dube ta. Ba bango ba, ita ya duba, karo na farko tun da aka kawo ta gidanmu.

“Ya ce in gaya maka, dutsenka ya fi ka iya zama wuri ɗaya.”

Na wuce ɗaki da jakar duwatsu har yanzu a bayana. An gyara gadon, an ninke tawul ɗin a kan matashi. Na zauna a bakin gado, inda nake zama in matsa masa ƙafafu. Can sai na ji ƙarfen yana ƙara, ƙafata ta fara. Na saurara ko za a ce in sauka ƙasa. Na sa tafin hannuna biyu a kan gwiwar na danne ta da ƙarfi, ba ta daina ba.